Bango nawa, tsakar gida naka: Rigimar da ake sayar wa dattawa tare da gidan ritaya

A garin The Villages da ke Jihar Florida ta Amurka akwai wani samfurin gida da tsofaffi ke rububinsa. Ƙaramin gida ne mara bene, mai ɗaki biyu ko uku, an zagaye shi da katanga, ga ɗan tsakar gida inda mutum zai ajiye kujera ya sha iska ko ya saki karensa hankali kwance. Babu matakala, babu ciyawa mai yawa da za a riƙa yankewa. Ga wanda ya shekara arba'in yana aiki har gwiwa ta fara ciwo, gidan kamar an auna shi da jikinsa ne.

Sai dai akwai abin da mai saye ba ya cika lura da shi ranar da aka zagaya da shi. Gefe ɗaya na wannan tsakar gida ba katanga ce ta rufe shi ba, bangon ɗakin maƙwabci ne. Shi ma mai gidan, nasa bangon yana tsaye ne a tsakar gidan wanda ke ɗaya gefen. Duk ranar da ya so ya shafa masa fenti, ko ya duba ko gara ta fara hawa, sai ya ƙwanƙwasa ƙofar wani.

Matso da gidajen tsofaffi kusa da juna ba laifi ba ne, hasali ma shi ne daidai. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake barin iyakar da ke tsakani. Kamfani ya zana ta don ya samu ƙarin fuloti, lauya ya rubuta ta a takardar da ba kowa ke karantawa ba, sannan a bar mutum biyu da ƙarfinsu ke raguwa kowace shekara su yi ta fama da ita har ƙarshen rayuwa. Ya kamata kafin a sayar da irin wannan gida a san wanda ke da zirin ƙasar da ke tsakani, da wanda zai biya kuɗin gyaransa, da wanda zai raba gardama idan ta tashi. Kuma ya zama abin da ido ke gani a ƙasa, ba sai an buɗe fayil ba.

Garuruwan da ba a jin kukan jariri

Gina gari sukutum don waɗanda suka ajiye aiki ya samu karɓuwa ne a Amurka daga ranar 1 ga Janairun 1960, lokacin da attajirin magini Del Webb ya buɗe Sun City a Jihar Arizona. Kimanin mutum 100,000 ne suka je kallon gidajen gwaji a kwanakin farko. Daga nan wasu kamfanoni suka ga akwai kasuwa.

The Villages ya fi kowanne girma a yau. Ya faro ne a matsayin wurin ajiye gidajen tafi-da-gidanka, ya zama gari mai filayen wasan golf fiye da 50, inda ƙananan motocin golf suka zama abin hawa na zuwa kasuwa da asibiti. Ƙidayar 2020 ta nuna yankin ya fi kowane yankin birni a Amurka saurin ƙaruwar jama'a a shekara goman da suka gabace ta, da kusan kashi 39 cikin ɗari.

Doka ce ta ba su damar ware kansu. Tun 1988 haramun ne a Amurka a hana mutum gida don yana da yara, amma wata doka ta 1995 ta fayyace togaciya ga unguwannin dattawa, muddin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na gidajen da ake zaune a ciki suna da mutum ɗaya mai shekara 55 ko fiye. A The Villages, wanda bai kai shekara 19 ba baƙo ne, kwana 30 kawai aka yarje masa a shekara. Jika ma da lissafi yake kwana a gidan kakarsa.

Wannan ƙa'ida tana da alaƙa da batun katanga fiye da yadda ake zato. A unguwar da aka cakuɗa manya da matasa, idan dattijo ya kasa hawa tsani akwai yaron maƙwabta. A nan maƙwabcin dama tsoho ne, na hagu ma tsoho ne.

Zirin ƙasa mai iyayengiji biyu

Dabarar ginin ba ta da wuyar fahimta. A gidan da aka saba, ana dasa gini a tsakiyar fuloti, a bar ɗan lungu dama da hagu, lungunan da ba su isa a yi komai a ciki ba sai ajiye tarkace. Masu zanen gini suka ce to me zai hana a tura gidan gaba ɗaya ya jingina da iyaka ta gefe guda, a haɗe lungu biyun su zama fili ɗaya mai amfani a ɗaya gefen? Kowane gida a layin ya yi haka, sai kowa ya samu tsakar gida, kamfani kuma ya jera gidaje da yawa a ƙasa kaɗan.

Tunani ne mai kyau, kuma ya rage tsada. Amma ya haifar da tambayar da babu ita a da: ƙasar da ke gindin bangon maƙwabci ta wane ne?

Hanya biyu ake bi. Wani lokaci layin iyaka yana bin jikin bangon ne daidai, sai a rubuta wa mai bangon haƙƙin shiga filin maƙwabci don gyara. Wani lokacin kuma layin yana can ƙafa kaɗan daga bangon, wato zirin mallakar mai bangon ne a takarda, amma an rubuta wa maƙwabcinsa haƙƙin amfani da shi har abada. Ma'ana, mutum na shuka fure yana shimfiɗa tsakuwa a ƙasar da ba tasa ba, mai ita kuma ba ya iya taka ta sai da dalili.

Takardun irin waɗannan unguwanni sukan zo da sharuɗɗa masu kama da juna. Kada a kafa ƙusa ko a rataya wani abu a bangon maƙwabci. Kada a sauya gangaren ƙasa yadda ruwa zai koma gindinsa. Kada a hana shi shiga idan gyara ya kama. Duk sharuɗɗa ne na hankali. Matsalar ita ce babu ko ɗaya da ake gani da ido. Wanda ya shigo tsakar gidansa ya ga katanga ta zagaye shi, zuciyarsa za ta gaya masa cewa duk abin da ke ciki nasa ne. Ginin yana faɗin abu ɗaya, takarda tana faɗin wani, kuma mutane ginin suke gani kullum.

A ɗauki misali. Dattijuwa ta gaji da ciyawa, ta kira ma'aikata suka shimfiɗa mata duwatsun daɓe har jikin bangon maƙwabci, suka ɗan ɗaga ƙasar don wurin ya yi kyau. Ba ta yi da mugunta ba. Damina ta zo, ruwan da a da yake nutsewa ya fara kwanciya a gindin bango. Shi maƙwabcin ba ya ganin wannan gefen na gidansa, domin bangon ba shi da taga. Ba zai san abin da ke faruwa ba sai ranar da danshi ya bayyana a cikin ɗakinsa.

Rashin tagar ma da dalilinsa. Na farko don kada a riƙa leƙen tsakar gidan wani. Na biyu saboda gobara: ƙa'idar ginin gidaje da mafi yawan jihohin Amurka suka ɗauka ta ce bangon da bai kai ƙafa biyar daga iyaka ba sai an yi shi yadda zai jure wuta na awa ɗaya, wanda bai kai ƙafa uku ba kuwa ba a buɗa masa taga ko ƙofa. Dalilai ne masu ƙarfi, amma sakamakonsu shi ne mutum ya mallaki bangon da ba ya iya sa wa ido.

Florida ta ƙara wa abin gishiri. Ruwanta mai yawa yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, lokacin guguwar teku kuma yana kaiwa har ƙarshen Nuwamba. A daidai watannin zafin nan ne dubban mazauna irin waɗannan garuruwa ke kulle gidajensu su koma jihohin arewa, sai sanyi ya shigo su dawo. Wato lokacin da bango ya fi bukatar a duba shi, shi ne lokacin da ƙofar da za a bi take a garƙame, mai mabuɗin yana nisan kilomita dubu ko fiye.

An zana wa mai shekara 60, mai 80 ne zai zauna

Wanda ke sayen gidan ritaya yawanci da sauran ƙarfinsa. Yana tuƙi, yana wasa, yana iya ɗaukar bokitin fenti. Tallan ma shi ake nunawa, yana dariya a filin golf. Amma gidan ba na shekara biyar ba ne. Wanda ya shiga yana da 62 yana iya kaiwa 85 a ciki, wataƙila shi kaɗai bayan rasuwar abokin zama. Yarjejeniyar da ta ce kowa ya kula da bangonsa ta ɗauka cewa mai bangon zai dawwama yadda yake ranar da ya sa hannu.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu shekara 65 zuwa sama yana faɗuwa a kowace shekara. Duk tsarin da zai sa irin wannan mutum ya hau tsani don share magudanar rufi a lungu mai ƙunci, tsari ne da bai yi tunaninsa ba. Idan kuma ya ce zai kira ma'aikaci, sai an daidaita rana da maƙwabci, an ɗaure kare, an matsar da tukwanen fure, an yi yarjejeniyar wanda zai biya idan aka taka shuka.

Faɗin lungun shi ma abin dubawa ne. Keken guragu yana bukatar hanya mai faɗin kusan ƙafa uku, kafin ya juya kuma sai da fili mai kusan ƙafa biyar. A gidaje da yawa, a wannan lungun na gefe ake dasa injin na'urar sanyaya ɗaki, da mitar wuta, da kwandon shara. Ranar da aka zo fitar da mara lafiya a kan gadon ɗaukar majinyata, ko aka so a kafa masa gangare a ƙofar gefe, sai a ga wurin bai isa ba, ko kuma rabin gangaren zai hau ƙasar da wani ke da haƙƙi a kanta. Dokar Amurka ta ba mai nakasa damar yin gyaran da ya zama dole a gidansa da kuɗinsa, amma doka ba ta ƙara wa lungu faɗi.

Ga kuma ƙara. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa 74 a Amurka jinsa ya ragu, bayan 75 kuwa kusan rabi ne. Wanda jinsa ya ragu yakan ƙure talabijin, maƙwabcinsa kuma tsoho ne da barcinsa ba ya nauyi. Injin sanyaya ɗaki da aka ajiye saitin ɗakin kwanan wani yana iya raba zumuncin shekara goma. Abu ne da mai zane zai iya kauce masa da fensir, ta hanyar haɗa bayan gida da bayan gida, gareji da gareji, a nisanta ɗakin barci da injin maƙwabci. Bayan an zuba siminti kuwa sai haƙuri.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne katangar kanta. Sirri abu ne mai daraja, kuma shi ne babban abin da ake sayarwa a wannan samfurin gida. Amma katangar da ta hana maƙwabci ganin mutum yana shan shayi, ita ce za ta hana a gan shi idan ya zame ya kasa tashi. A zafin da aka yi a Chicago a Yulin 1995, mutum fiye da 700 ne suka rasu, akasarinsu tsofaffi, da yawa a cikin ɗakunansu su kaɗai. Masanin zamantakewa Eric Klinenberg, wanda ya bi diddigin abin, ya nuna cewa unguwannin da mutane ke fitowa suna ganin juna sun fi tsira, ko da talaucinsu ɗaya da na wasu.

Ba a ce a rushe katanga ba. Ana iya rufe tsakar gida ta baya, a bar gaba a buɗe: ƙofofi su kalli juna, baranda ta fuskanci layi, tagar kicin ta ga ƙofar maƙwabci, yadda idan labule bai motsa ba har azahar wani zai lura. Amfanin kusantar ke nan. Idan an matse gidaje har ana jin tarin juna amma ba a ganin fuskar juna, an ɗauki wahalar maƙwabtaka an bar ribarta.

Maƙwabci ya zama ɗan leƙen asiri

To idan an saɓa sharaɗi, wa ke magana? A The Villages jami'an da ke kula da ƙa'idojin gidaje ba sa yawon sintiri, sai an kai ƙara suke zuwa. Shekaru da dama kuma ana karɓar ƙarar ba tare da mai ita ya faɗi sunansa ba.

Masu goyon bayan hakan suna da hujja. Dattijuwar da ke zaune ita kaɗai ba za ta so ta yi gaba da mutumin da bangonta ke cikin gidansa ba. Ɓoye suna yana kare mai rauni. Amma abin da aka gani a aikace ya wuce nan. Mazauna sun yi ta kokawa da wasu da ke zagaya unguwannin da ba nasu ba suna tattara laifuffuka, su kai ƙara da yawa a lokaci guda. An samu waɗanda suka sayi gida da daɓe ko shukar da mai gidan farko ya yi ba da izini ba, bayan shekaru aka ce su cire da kuɗinsu. Wanda aka kai ƙararsa kuma, tunda bai san mai ƙarar ba, sai ya zargi na kusa da shi.

A 2021 Jihar Florida ta hana ƙananan hukumomi da birane bin ƙarar da ba suna a kan saɓa ƙa'idar gini da muhalli, sai in akwai haɗari na gaggawa. Wasu gundumomin The Villages su ma sun daina karɓar irin wannan ƙara. Mataki ne mai kyau, amma bai taɓa tushen ba. Ko da suna ko babu, tsarin yana jiran sai ɓarna ta auku, sannan ya ɗora wa tsoho nauyin tona asirin ɗan'uwansa tsoho. Da a ce ana duba kowane gida a lokacin sayarwa, a ba mai saye takardar cewa iyakarsa da magudanarsa suna kan ƙa'ida, da rabin ƙararrakin nan ba su taso ba.

Wa zai biya?

Akwai wata hanyar. A Laguna Woods da ke Kalifoniya, unguwar dattawa da aka buɗe a 1964 mai gidaje sama da 12,000, rufi da bangon waje da filayen tsakani ba nauyin mutum ɗaya ba ne. Ƙungiyoyin masu gidajen ne ke gyara su daga kuɗin da kowa ke biya duk wata. Mai shekara 85 ba ya bukatar tsani, ba ya bukatar roƙon maƙwabci. Dokar jihar ma ta ce, in ban da wasu keɓaɓɓun yanayi, ba a yanka wa mutum ɗaya wani yanki na filin tarayya sai masu kashi 67 cikin ɗari na gidajen sun yarda.

Ƙorafin da ake yi wa wannan tsari sananne ne, kuma gaskiya ne: kuɗin wata yana hawa, fansho ba ya hawa da saurinsa. Akwai kuma wanda zai ce ya gaji da bin umarni a ofis, ba zai zo ya ƙare rayuwarsa yana neman izinin kwamiti kafin ya sauya launin ƙofarsa ba. Ba za a raina wannan ba.

Amma kuɗin gyara ba ya ɓacewa don an ƙi tara shi, jira yake yi. Ranar 24 ga Yunin 2021 wani bene mai hawa 12 ya rushe a Surfside kusa da Miami, mutum 98 suka mutu. Tun 2018 wani injiniya ya rubuta rahoton cewa ginin yana da babbar matsala, aka daɗe ana ja-in-ja kan kuɗin gyara har lissafin ya kai kusan dala miliyan 15. A 2022 Florida ta yi dokar da ta tilasta duba benayen tarayya masu hawa uku zuwa sama idan sun shekara 30, ta kuma hana masu su yafe wa kansu tara kuɗin ajiya na manyan gyare-gyare.

Dokar ba ta shafi ƙananan gidaje marasa bene ba, kuma gaskiya bangon gida mara bene ba zai kashe mutum 98 ba. Amma halin ɗan Adam ɗin iri ɗaya ne. Wanda ke ganin shekarunsa sun ja ba ya son zuba kuɗi a gyaran da wani zai mora. Kowa ya lallaɓa, sai matsalar ta faɗa kan bazawarar da aka bari, ko kan magadan da ke wata jiha, waɗanda ba su taɓa karanta takardar ba, so suke kawai su sayar su raba. Asusun tarayya da aka fara tun ranar farko, kaɗan-kaɗan, ya fi sauƙi a kan mai fansho fiye da takardar bashin dala dubbai da za ta zo masa rana ɗaya.

Inda ba a son asusu, aƙalla a shimfiɗa hanyar da za a bi. Kalifoniya tana da dokar da ta fara aiki a 2014, wadda ta ɗauka cewa shingen da ke kan iyaka nauyin maƙwabta biyu ne daidai wa daida. Wanda zai yi gyara sai ya ba ɗayan sanarwa a rubuce kwana 30 kafin ya fara, kotu kuma tana iya rage wa wanda biyan zai jefa cikin ƙunci. A Ingila da Wales, dokar bangon tarayya ta 1996 ta ce mai son taɓa irin wannan bango ya ba da sanarwar wata biyu. Idan maƙwabci bai amince ba cikin kwana 14, sai a naɗa safiyo ya duba, ya rubuta yadda za a yi aikin da wanda zai biya. Akwai tsada, akwai jinkiri. Amma akwai mutum na uku da ya san gini, kuma yana zuwa ne kafin a fasa bango, ba bayan an daina gaisawa ba.

Abin da ya shafi mai saye a Kano da Abuja

Unguwar da aka ware wa tsofaffi zalla ba al'adar ƙasar Hausa ba ce, inda dattijo ke tsufa a tsakiyar 'ya'ya da jikoki. Amma bangon tarayya tsohon sani ne. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ya san rigimar indararon da ke zuba a gidan wani, da katangar da damina ta kayar aka rasa mai tayar da ita, da tagar bene da ke kallon tsakar gidan mutane. Ya kuma san cewa akwai mai unguwa da dattawan layi da suka san tarihin kowace katanga.

Malaman Malikiyya ma sun daɗe da zama a kan batun. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke turawa ya duba gine-ginen da ake shari'a a kansu, ya rubuta littafin Al-I'lan bi Ahkamil Bunyan. A ciki ya yi bayanin yadda ake gane mai bango ta hanyar duba yadda aka sarƙa shi da sauran ginin da kuma itatuwan rufin da ke kansa, da hukuncin ruwan rufi, da na tagar da ke tona sirrin maƙwabci. Aikin da safiyon Ingila ke yi a yau bai yi nisa da nasa ba.

Abin da ya sauya shi ne irin gidan da ma'aikaci ke saye yanzu. Rukunin gidaje masu manne da juna suna ta tashi a Abuja da Kaduna da Kano, kuma da yawan masu saye mutane ne da ke shirin ajiye aiki. Tun Satumban 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idar da ta ba ma'aikaci damar amfani da har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun fanshonsa a matsayin kafin alƙalamin rancen gida. Wato kuɗin tsufa ne kai-tsaye ke shiga waɗannan bangwaye.

A sabon rukunin gidaje babu dattijon da ya san tarihin katanga, domin kowa baƙo ne. Kamfanin da ya gina yakan tattara ya tafi da zarar ya sayar da gida na ƙarshe. Rufin kwano ɗaya ya bi ta kan gida huɗu, bututun ruwan wani ya ratsa ta ƙarƙashin filin wani, ramin masai ɗaya na gida biyu. 'Ya'yan da ake sa ran za su hau tsani kuma suna Legas ko ƙasar waje.

Wanda zai zuba giratutinsa a irin wannan gida yana da haƙƙin ya tsaya a lungun da ke tsakaninsa da maƙwabci, ya sa a nuna masa alamar safiyo a ƙasa, ya ga ta yi daidai da zanen da ke cikin takardarsa. Ya tambayi inda ruwan rufin maƙwabci ke sauka a watan Agusta. Ya nemi a rubuta masa wanda zai biya idan kwanon da ke kan bangon tsakiya ya fara yoyo, da wanda za a kai wa magana idan ɗayan ya ƙi. Ya kuma auna faɗin lungun da ƙofar, ya ga ko keken guragu zai wuce. Idan dillali ya ce ai duk wannan maƙwabta ne za su daidaita a tsakaninsu, to ya sa a rubuta yadda za su daidaita ɗin a cikin yarjejeniyar saye kafin ya biya kashin farko.